"Yi, na yi, bari, na bari": inda darasin aure ke kuskure kan biyayya

Daren rakiyar amarya kusan iri ɗaya ne a ikilisiyoyinmu na Arewa, ko a Jos ne, ko Kafanchan, ko Biliri. Matan Zumunta sun cika tsakar gida da zane iri ɗaya, an jingine tulun kiɗa a gefe, amarya na zaune a tabarma ta lulluɓe kai. Iyaye mata na tashi ɗaya bayan ɗaya. "'Yata, aure haƙuri ne. Yi, na yi. Bari, na bari. Kada mu ji kanku." Ana iya cin awa biyu a haka. Ango kuwa yana can waje da abokansa suna lissafin man motocin gobe. In ya yi sa'a wani kawunsa zai ja shi gefe ya ce masa, "Ka riƙe 'yar mutane amana," shi ke nan an sallame shi.

Nassin da ake jingina wannan nasiha da shi ya raba aikin ne akasin haka. A Afisawa sura 5, ayoyi uku ne Bulus ya yi wa mata, daga 22 zuwa 24, ya ƙara musu rabin aya a 33. Maza kuwa ya tsare su daga aya 25 har 33. Duk mai koyar da masu shirin aure, fasto ne, dattijo ne ko shugabar Zumuntar Mata, ya kamata ya fara gyara wannan ma'auni tun kafin ya taɓa ma'anar kalmomi.

Kuskure na biyu yana wurin fara karatu. Yawancin bugun Littafi Mai Tsarki suna sa kan magana tsakanin aya 21 da 22, sai mai wa'azi ya fara daga inda aka ambaci mata. Bulus bai rubuta kan magana ba, bai kuma sa lambobin ayoyi ba. Wani maɗaba'i Bafaranshe, Robert Estienne, shi ya sa wa Sabon Alkawari lambobin a 1551. Aya 21 umarni ce ga dukan masu bi, maza da mata, su riƙa sa kansu ƙarƙashin juna saboda tsoron Almasihu. A tsofaffin kwafe na Helenanci, irin takardar da masana ke kira P46 ta wajen shekara ta 200 da kuma kundin Batikan na ƙarni na 4, aya 22 ba ta da aikatau nata sam. Cewa kawai ta yi: mata, ga mazajenku, kamar ga Ubangiji. Daga aya 21 take aron aikatau ɗin. Wanda ya yanke 21 ya yar, ya yanke igiyar da 22 ke rataye a jiki.

Sai kalmar kanta. Mu da Hausa "biyayya" muke cewa ga ɗa, ga bara, ga soja, ga matar aure, duk baki ɗaya. Bulus ya bambanta. Da ya zo kan 'ya'ya a 6:1 da bayi a 6:5, kalmar da ya ɗauka ita ce hupakuwo, wato a ji umarni a aikata. Ga matar aure kuwa hupotasso ya ce, a sigar da ke nuna mutum ne ke sa kansa da kansa a ƙarƙashin wani tsari. Abu ne da ake bayarwa, ba a ƙwatarsa. A wurare huɗun da maganar ta fito, wato Afisawa 5:22, Kolosiyawa 3:18, Titus 2:5 da 1 Bitrus 3:1, ba inda aka ce wa miji ya sa matarsa ta yi masa biyayya. Mijin da ya haddace aya 22 yana jifan matarsa da ita duk lokacin da aka saɓa, wasiƙar wani yake buɗewa. Tasa tana aya 25.

Akwai kuma iyakar wanda ake yi wa. Nassin ya ce mijinta, nata na kanta. Bai haɗa da wan miji ba, ko ƙanin miji da ya zo hutu ya miƙe ƙafa a falo yana aike, balle kowane namiji da ke cikin majami'a.

Gaskiya ta sa a faɗi cewa 1 Bitrus 3:6 ya yi amfani da kalmar jin umarni ga Saratu, har ya ce tana kiran Ibrahim ubangijinta. Mai koyarwa kada ya ɓoye wannan. Amma ya buɗe Farawa 21:12 a gefensa, inda Allah ya ce wa Ibrahim ya saurari Saratu cikin dukan abin da ta faɗa masa game da Hajara da ɗanta. Gida ɗaya ne, mutane biyun nan ne.

Sanin duniyar da aka rubuta wasiƙar a cikinta yana taimakawa. Tun ƙarni huɗu kafin Almasihu, Aristotal ya kasa gida uku: maigida da bawa, miji da mata, uba da ɗa, kuma a kowane kashi namijin nan ɗaya ne ke mulki. A dokar Romawa uban gida na da iko a kan 'ya'yansa har bayan sun girma. Cewa mace ta bi mijinta ba sabon labari ba ne ga mutanen Afisa. Abin da zai sa su ɗaga kai shi ne a yi wa matar magana kai tsaye a gaban taro kamar mai zaɓin kanta, sa'an nan a juya ga maigida a ce ya ƙaunace ta yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa.

Kan kalmar "kai" a aya 23, kefale da Helenanci, masana sun rabu, kuma rabuwar ta gaske ce. Wani ɓangare na cewa tana nufin shugabanci: daraja ɗaya, aiki daban, miji ke ɗauke da nauyin jagora. A Amurka sun tsara matsayinsu a Sanarwar Danvers ta 1987, kuma babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin ƙasar (Southern Baptist Convention) ta shigar da irin wannan magana cikin bayanin bangaskiyarta a 1998. Ɗaya ɓangaren na cewa ma'anar ta fi kusa da tushe ko mafari, suna dogara da aya 21, da Galatiyawa 3:28, da 1 Korintiyawa 11:11-12. Fafaroma John Paul na Biyu, a wasiƙarsa ta 1988 kan darajar mata, ya karanta nassin a matsayin miƙa kai na juna. A nan gida ECWA da Anglikan ta Najeriya ba sa naɗa mata limanci, Presbiteriyan kuwa ta naɗa mace ta farko tun 1982. Mai koyarwa ya faɗi matsayin ikilisiyarsa a fili, kada ya yi kamar ba a taɓa gardama ba. Amma a ɗakin darasin aure gardamar ba ta da nauyin da ake zato, don Bulus da kansa ya lissafta aikin kan nan daga aya 25 zuwa 29: ya ba da kansa, ya ciyar, ya kula kamar yadda mutum ke kula da jikinsa. Ba a sa tsawa a lissafin ba, ba a sa ƙwace waya ba.

Ayoyi biyu na Farawa ma suna shan wahala a hannun masu nasiha. "Mataimakiya" ta 2:18, ezer da Ibrananci, kalma ce da ta fito sau 21 a Tsohon Alkawari, 16 daga ciki Allah ake nufi, kamar a Zabura 121 inda mai zabura ke tambayar daga ina taimakonsa zai zo. Babu ƙamshin 'yar aiki a jikinta. Ita kuma 3:16, mai cewa miji zai mallaki matar, tana cikin jerin abin da zunubi ya jawo, layi ɗaya da naƙuda mai zafi da ƙaya a gona. Ba manomin da ke barin ƙaya ta cinye masa dawa wai don an ambace ta a Farawa 3:18.

Duk wannan bayani zama ɗaya ya ishe shi. Matsalar darasin aure a wurare da yawa ita ce a nan yake tsayawa: an duba takardar gwajin jini, an yi wa'azi, an sanar a majami'a Lahadi uku, sai ɗaurin aure. Zama shida na awa ɗaya da rabi ya fi dacewa, a bazu cikin wata biyu ko uku, kuma ɗaya daga ciki a ga kowannensu shi kaɗai, mace da mace, namiji da namiji. Sauran zaman a sauko da kalmar biyayya ƙasa, a kan abubuwan da ake faɗa a kansu da gaske.

Kuɗi ne kan gaba. A ba kowa takarda ya rubuta abin da yake samu a wata da bashin da ke kansa, har da na ƙungiyar adashin wurin aiki, su yi musaya a gaban mai koyarwa. A ce shi malamin makaranta ne mai ɗaukar naira 120,000, ita nas ce mai 180,000. Wa zai biya haya? Cefane fa? Zakka daga jimla za a cire ko kowa daga nasa? Nawa za a tura wa iyayensa a ƙauye, nawa ga nata? A yanka adadin da in kashewa ta wuce shi sai an yi shawara, a ce 20,000, kuma dokar ta hau kan su biyun. A bar wa kowa ɗan abin da zai kashe ba tare da ba da lissafi ba. Inda abin ke lalacewa shi ne miji ya karɓe katin cirar kuɗin matar da sunan shi ne kai, yana ba ta na mota kullum safe. Ba a wata shida sai ta shiga adashe a ɓoye, ta sayi akuya ta kai gidan uwarta, shi kuma ranar da ya gano ya ce ta ci amanarsa. Macen Karin Magana 31 da ake karanta mana kowace ranar mata, a aya 16 ta duba gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta, a aya 24 tana saƙa tana sayar wa 'yan kasuwa, aya 11 kuma ta ce zuciyar mijinta ta amince da ita. In matar ta fi samu, a faɗe shi a ɗakin darasi tun yanzu. Kunyar da namiji ya haɗiye a nan ita ke fitowa daga baya da sunan "ta raina ni".

Dangi na biye. Farawa 2:24 namiji ta ce ya bar uba da uwa ya manne wa matarsa, mu kuwa a al'ada mace ce ke barin gida, shi yana nan inda yake, wani lokaci ɗakinsa na kallon na uwarsa. Uwar miji ta cancanci girmamawa da kulawa, labarin Rut da Na'omi ya isa shaida, amma ba ita aka ce amarya ta sa kanta a ƙarƙashinta ba. Ƙa'idar da ke aiki ita ce kowa ya tari danginsa: in maganar daga wajen Mama ta taso, ɗanta ne zai je ya durƙusa ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ni na ce a yi haka." Namijin da ke noƙewa ya bar mata biyu su kara, don kada a kira shi mijin-ta-ce, ya ajiye shugabancin da yake taƙama da shi daidai lokacin da ake bukatarsa. In a gidan gandu za a zauna, a yanke tun farko ko tukunya ɗaya ce ko kowa da tasa, da kuma shekara nawa za a yi kafin a fita. A kuma yi maganar da ba a son yi: sunan wa ke kan takardar fili, wa aka rubuta magaji a wurin aiki da banki, akwai wasiyya ko babu. Gwauruwar da dangin miji suka kwashe wa kaya kafin a share makoki, sau da yawa mijinta mai ƙaunarta ne, rubutu ne kawai bai yi ba.

Maganar shimfiɗa akan bi ta kanta da gudu saboda kunya, alhali a nan ne Sabon Alkawari ya yi amfani da kalmar iko tsakanin miji da mata. 1 Korintiyawa 7:4 ta ce matar ba ta da iko da jikinta sai mijin, ta kuma juya nan take ta ce haka mijin ba shi da iko da nasa sai matar. Aya 5 ta sa sharaɗin yardar juna. Ana yawan karanta rabin farko a rufe littafi. A tattauna jego da makonni shida na farko bayan haihuwa, da rashin lafiya, da gajiyar wadda ta kwana aiki a asibiti, da tazarar haihuwa: 'ya'ya nawa, wace hanya, wa zai je asibiti a yi masa bayani. Tilastawa ba ta da mafaka a wannan nassi.

To in an yi shawara an kasa daidaitawa fa? Nan ne masu koyar da shugabancin miji ke cewa maganarsa ce ta ƙarshe, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Kafin a kai can akwai matakai. In abin ba na gaggawa ba ne, a ɗaga shi mako biyu ana addu'a. A duba wa ya fi sanin lamarin. In ita ce ta karanci lissafi, ra'ayinta kan rance ya fi nauyi. A duba wa nauyin zai faɗa wa. Ɗauko 'ya'yan ɗan'uwa uku a riƙe abu ne da wadda za ta dafa ta wanke ke da babbar murya a ciki. A nemi mutum na uku da su biyun suka yarda da shi, ba abokin miji ba. Gidan da ke bin waɗannan zai yi shekaru bai kai ga "maganar ƙarshe" ba. In an kai, ma'aunin aya 25 na nan: zaɓin da ya fi tsada gare shi, ya fi amfani gare ta da yara. In abin ya ɓaci shi zai ɗauki laifin, ita kuma ta riƙe "ai na faɗa maka" a cikinta.

Biyayyar tana da bango. Ayyukan Manzanni 5:29 ta ce Allah ya fi cancanta a bi fiye da mutum, kuma a farkon wannan sura, Safiratu matar Hananiya ta shigo bayan awa uku, ta maimaita ƙaryar mijinta kan kuɗin fili, aka hukunta ta a kan nata bakin. "Maigida ne ya ce" bai cece ta ba. Abigiyel kuma, a 1 Sama'ila 25, da ta ji wautar mijinta Nabal za ta jawo a hallaka gidan, ta ɗora wa jakuna gurasa 200, salka biyu na ruwan inabi, tumaki biyar gyararru, curin zabibi 100 da na ɓaure 200, ta tafi taryen Dawuda ba ta gaya wa mijinta ba. Dawuda ya sa wa hankalinta albarka. Matar da mijinta ya hana a kai yaro mai zazzaɓi asibiti, ko ya ce ta sa hannu a takardar ƙarya, ko ya ce a je wurin boka, tana da waɗannan a gabanta.

Duka shi ne inda koyarwar rabi ke kashe mutane. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya sun yarda miji na da hujjar dukan matarsa a kan aƙalla ɗaya daga dalilai irin su ƙona abinci, gardama, fita ba izini ko ƙin kwanciya. Matan kansu ke nan. Bayan rasuwar mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu a Abuja a Afrilun 2022, da hukuncin kisa da kotu ta yanke wa mijinta a 2025, ikilisiyoyi da yawa sun yi wa'azi a kai, amma kaɗan ne suka rubuta abin da za a yi ranar da mace ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan fasto da kumburarren ido.

Kurakuran sanannu ne. A kira su biyun a zaunar gaba da gaba, inda ba za ta iya magana ba don da shi za ta koma gida. A tambaye ta, "Ke me kika yi masa?" A sa ta durƙusa ta ba da haƙuri don a ce an sasanta. A mai da ita a daren. Ko ta yi yaji, ya aiko kawunsa biko da goro da baki mai daɗi, iyaye su ce ta koma don kada a ce 'yarsu ta kashe aure. Abin da ya kamata shi ne a saurare ta ita kaɗai, da wata dattijuwa mai riƙe sirri a wurin. A kai ta asibiti a ranar, a karɓi takardar likita, a ɗauki hoton raunin da kwanan wata. A tambaye ta kai tsaye ko ya taɓa shaƙe ta, ko ya ɗauko wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ta, ko ya doke ta da ciki. In amsar ɗaya daga ciki i ce, ranta na cikin haɗari, ba ta kwana gidan. Ikilisiya ta tanadi gida biyu ko uku da za a iya sauke mace da yaranta, kuma ba a gaya wa mijin inda take.

Shi kuma dattawa biyu ko uku su same shi daban, bisa tsarin Matiyu 18:15-17, ba tare da sun karanta masa abin da ta faɗa ba. In yana riƙe da muƙami, mai waƙa ne, ma'aji ne, dattijo ne ko fasto, a sauke shi a sa shi ƙarƙashin horo. 1 Timoti 3:3 da Titus 1:7 sun hana mai saurin hannu shugabanci, kuma yawan baikonsa bai canja ayar ba. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji ɗaci ga matarsa, 1 Bitrus 3:7 ta ce rashin girmama ta na toshe addu'arsa, Malakai 2:14 ta ce Ubangiji ne shaida tsakaninsa da matar ƙuruciyarsa. Masu tsoron kalmar saki su lura cewa raba wurin zama daban yake da kashe aure: 1 Korintiyawa 7:11 ta san da matar da ta rabu ta zauna haka, dokar shari'o'in aure ta 1970 ma ta tanadi rabuwa ta hannun kotu ba tare da an warware auren ba. Wasu mazan har yanzu suna fakewa da sashe na 55 na tsohon kundin Penal Code na Arewa, wanda ya bar ƙofar "gyaran" mata a buɗe. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da dama suka karɓa, ta sa dukan abokin aure cikin laifuffuka, ta kuma ba kotu ikon hana mai dukan kusantar wadda ya daka. Kai ƙara haƙƙinta ne, dattawa ba su da hurumin hana ta. Hawaye a ofishin fasto ba shi ne tuba ba. Ana duba watanni, ko ya amsa laifinsa ba tare da "amma ita ma" ba, ko yana ci gaba da biyan kuɗin makarantar yara alhali ba ta gidan, ko ya daina aika mutane su matsa mata. Akwai mazan da su ake duka ko ake yanka da harshe, kunya ta hana su faɗa. Hanyar sauraro ɗaya ce.

Titus 2:3-5 ta ɗora wa dattawan mata koyar da ƙanana, kuma Zumuntar Mata na yin nata ba fashi. Gurbin yana wajen maza. Daren da ake yi wa amarya gargaɗi, Zumuntar Maza ta zaunar da ango na tsawon lokaci ɗaya, mutum huɗu ko biyar da suka haura shekara ashirin da aure, a karanta masa 25 zuwa 33 aya-aya, a tambaye shi me zai bari saboda ita: wace fita, wane abokin, wane kashe kuɗi. Bayan biki kuma waɗanda suka koyar su koma gidan a wata na uku da kuma cikar shekara, su ga kowa daban. Tambayar "yaya gida?" amsarta "lafiya lau" ce ko da wuta na ci. Ita a tambaye ta wa ke riƙe da katinta na banki, yaushe rabonta da gidan iyayenta, da ko akwai abin da take tsoron gaya masa. Shi kuma a tambaye shi shawara ta ƙarshe da ya canja saboda maganarta, ya faɗi wace ce da ranar da aka yi.